Akuyar Kan Rufin Tasha

A ɗakin jiran likitan ido, wani dattijo ya yi tagumi. Baƙuwar da ke gefensa ta ce, "Baba, idon ne?"

"Idona ƙalau, 'yar nan. 'Ya'yana ne suka ce na fara gane-gane, don na ce kullum ina ganin akuya a kan rufin tashar mota. Daga nan kuma, wai sai likitan ƙwaƙwalwa."

"Baƙa, mai farin kunne?"

Dattijon ya juyo gaba ɗaya. "Kin gan ta?"

"Jiya da na sauka daga mota. Ta kan tulin tayoyin mai faci take hawa, ta kwanta tana tuƙa kamar ita ce shugabar tasha."

"Alhamdu lillahi! Wallahi har na fara yarda da su. A garin nan aka haife su, amma ba mai ɗaga kai, kowa na kan waya."

Layi ya zo kansa. Ya miƙe, ya gyara hula.

"Taso ki ba da shaida, 'yar nan. Ga babban ɗana can, shi za a duba wa ido."