Kazar Mai Ɗori

A ɗakin jira na ofishin inshorar ma'aikata a Tema, inda nake karɓar fanshona, na saurari wata dattijuwa da wani ɗan dako mai dogara sanda.

"Ɗana, kuɗin jinyar ne ba su fito ba?"

"Tun damina nake zarya, Mama. Wai sai da shaidar likita."

"Wa ya ɗora ka?"

"Mai ɗorin ƙauyenmu. Ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya ce ranar da ta taka ni ma zan taka."

"Haka aka yi wa mahaifina, ya miƙe garau. To, kazar ta taka?"

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Ba mu jira ba, Mama. Yara sun gaji da kwana da yunwa."