Fitila a Ɗakin Kakanni

Ina zaune a ƙofar ganuwar ƙauyenmu bayan bikin sabuwar shekara, wata biyu da binne mijina. Sai wata baƙuwa rungume da jaririya ta tsaya gaban tsoho Liu, mai riƙe makullin ɗakin kakanni, inda muke girmama magabatanmu da suka rasu.

"Baba, nan ne ake rataya wa jarirai fitila?"

"Da can dai. 'Yar gidan wa ce ke?"

"'Yar Liu Kam-shing ce. Daga Ingila na zo."

"Kam-shing mai satar lemo? Yana nan da rai?"

"Ya rasu bara. Shi ya ce in kawo jikarsa kakanni su gan ta."

"Jikarsa? Yarinya, ai maza ake kunna wa fitila. Bai gaya miki ba?"

"Ya gaya min. Ya ce in gwada dai. To, fitila nawa kuka rataya bana?"

"Ko ɗaya."

"Bara fa?"

"Ke, kin cika tambaya kamar ubanki! Ganuwar nan an gina ta don kada ɓarayi su shigo. Ba wanda ya yi tunanin 'ya'yanmu ne za su fice."

"To, bari mu koma, kada mota ta wuce mu."

"Tsaya. Me sunanta?"

"Wai-lam."

"Shigo da ita. Kakannin nan sun tsufa, idonsu ba ya gani sosai."

Mijina ne yake kunna fitilun nan a da. Na tashi na je na ɗauko musu ashanarsa.