Ranar da Na Ci Ƙundun Kaza

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu, Mai Cetonmu. 'Yan zumuntar mata, salama a gare ku. Iyayenmu maza da ke wancan ɓangaren, ku ma salama, amma ku gyara zama, don shaidar yau za ta ɗan taɓa ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rifkatu, Maman Ladi, matar Ishaya mai walda na bakin tashar jirgi a nan Kaura. Ni ce wadda ta faɗi a tsakiyar waƙa ranar godiyar kaka, ina cikin buga tulu. Yauwa, yanzu kun gane ni! An ce da na faɗi, shugabar mata tulun ta fara dubawa ko ya fashe. Mama, na yafe miki, tulun zumunta ne.

Bari in fara daga tushe. A makon da aka kawo ni gidan miji, surukata, wadda yanzu take wurin Ubangiji, ta zaunar da ni a bakin murhu ta koya mini rabon kaza. Ƙundu da hanta na maigida ne. Cinya ta baƙo ce. Ƙirji na sauran maza ne. Mace kuwa, ƙafa da wuya da kai. Ta ce, "'Yata, macen da ta ci ƙundu gemu zai tsiro mata, ta fi ƙarfin mijinta, gida ya watse."

Na yarda da maganar nan ɗari bisa ɗari! Ni ke kiwon kajin, ni ke fige su, ni ke dafawa, amma har 'ya'yana suka girma ban san ɗanɗanon ƙundu ba. Ƙwai ma mai shayi nake kai wa. In an zuba wa kowa, sai in kankare tukunya in tsotsi ƙafa. Kuma a raina ina ganin wannan shi ne tawali'u, shi ne ladabin mace mai tsoron Allah.

Sai jiri ya fara. In na sunkuya shara, ƙasa ta juya. In na ɗebo ruwa, zuciyata ta riƙa bugawa kamar injin niƙa. Ban gaya wa kowa ba, har ranar da na zube a gabanku.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ce ta duba ni, Bazamfariya, ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta tafa hannu.

"Ke wagga mata, ina jininki ya tahi? Ko sauro ya cije ki da yunwatai zai koma! Mi kike ci?"

Na ce tuwo. Ta ce, "Tuwo da mi?"

Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in dage da hanta da ƙundu da ƙwai da zogale. Sannan ta rage murya ta ce, "Ba wasa nike miki ba. Kika sake faɗuwa haka, ba lalle ki tashi ba."

Jama'a, tsoro ya kama ni. Amma kun san abin da na gaya wa Baban Ladi da muka koma gida? Na ce an ce in ci zogale. Bakina ya kasa furta sauran. Na ci zogale da safe, na ci da rana, har akuyar maƙwabta ta fara hararata. Jiri kuwa yana nan daram.

Sai dattawan ikilisiya suka aiko cewa za su zo yi mini addu'a, tare da shugabansu Dattijo Bulus, wanda ya daɗe yana koyarwa a Zurmi. To, manya za su shigo gida, a bar su haka? Baban Ladi ya yanka kaji biyu. Wa zai dafa? Mara lafiyar da aka zo yi wa addu'a!

Ina kicin ina dafe da bango, ina jin muryoyinsu daga falo. Addu'a mai zafi, wallahi ba na raina ta. Dattijo Bulus yana cewa, "Ya Uba, ka cika 'yarka da jini! Ka buɗe taskar sama!" Ni kuma ga ni tsaye a kan tukunya, ga hanta biyu da ƙundu biyu suna juyawa a cikin romo, ina shirin kwashewa in kai wa masu roƙa mini jini.

Na durƙusa a gaban murhu, hawaye ya zubo. Na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ina tsoron mutuwa, ina kuma tsoron gemu. Kai ka halicci kazar nan, kai ka halicce ni. Ka gaya mini, ni ba 'yarka ba ce? Rabona a duniyarka ƙafa ce kawai?"

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yarinyar nan da Yesu ya tayar daga mutuwa. Tana buɗe ido ya umarta a ba ta abinci. Ita ya ce a ba. Bai ce a fara zuba wa babanta da baƙin da suka cika gidan ba.

Na miƙe, na ɗauki ludayi. Na ci hanta, na ci ta biyu. Na ɗauko ƙundu, na rufe ido na tauna. Kai! Ashe abin da kuke ci ke nan, maza, kuka yi shiru! Na shafa haɓata, sumul. Na ci na biyun ma, don a tabbatar.

Na kai abinci falo na koma bakin ƙofa. Aka sa albarka. Dattijo Bulus ya sa cokali ya zagaya kwano, ya sake zagayawa. Ya ɗaga cinya ya leƙa ƙarƙashinta. Baban Ladi ya kira ni, kunya ta rufe shi.

"Maman Ladi, kajin nan ba su da ƙundu ne?"

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban dattawa ba, sai na ji bakina ya ce, "Suna da shi, Baban Ladi. Yana cikina. Baba Dattijo, jinin da kuka roƙa mini ne ya fara isowa."

Na ja fatar idona na nuna musu farin da ke ciki. Na faɗi duk abin da aka gaya mini a asibiti, har da maganar faɗuwa ta biyu. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Faɗa bai zo ba. Mijina ya ajiye cokali ya dube ni, muryarsa ta canza. Ya ce, "To duk shekarun nan me kike ci?"

Na ce, "Ƙafa da wuya."

Ya ce, "Rifkatu, ai na ɗauka so kike yi. Kullum in na tambaya sai ki ce kin ƙoshi."

Mutumin da ke wuni da wuta da ƙarfe, sai ga hawaye a idonsa. Ya ɗauki kwanonsa dungum ya miƙo mini, a gaban manyan ikilisiya. Dattijo Bulus ya yi gyaran murya ya ce, "To, mun roƙa, an amsa. Ba mu dai zaci daga kwanonmu za a ɗiba ba." Ya ɗauki cinyar kazar da ke kwanonsa ya ƙara mini. Aka yi dariya, ni kuwa ina ci ina kuka.

Da na koma asibiti bayan 'yan watanni, ma'aikaciyar nan ta leƙa idona ta ce, "Madalla, yanzu kin zama mutum!" Halleluya! Jiri ya tafi. Gidana bai watse ba. Ladi da ƙannenta mata suna cin abin da 'yan'uwansu maza ke ci, a tukunya ɗaya.

Na gode wa Yesu da ya warkar da jikina, ya kuma cire mini tsoron da na riƙa kira ladabi. 'Yan'uwana mata, ku dogara gare shi. Yana ganin wadda take kankare tukunya, kuma bai halicce ki don ki ƙare a tsaye kina cewa kin ƙoshi ba. Ku kuma iyayenmu maza, in kun koma gida yau, kafin ku wanke hannu, ku leƙa kwanon matanku.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin!