Sunansa a Bayan Ambulan

A ɗakin jira na ofishin haraji, wata dattijuwa ta miƙa wa saurayin da ke kusa da ita wasiƙa.

"Ɗana, duba min, na baro tabarauna a gida."

"Mama, cewa suka yi mai shagon ɗinkin bai kawo bayanin harajinsa na bana ba. In bai amsa ba za su ci shi tara. Shi ya kamata ya zo."

"Maigidana ne. Bara ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Ba ki sanar da su ba?"

"Yara sun yi ta fama da ni, na ƙi. Kowa yanzu marigayi yake ce masa, har ni. Mutanen nan kaɗai ke rubuto sunansa, suna jiran ya amsa."

Saurayin ya ninke takardar a hankali.

"Gara a gaya musu yau, kada abin ya shafi shagon. Zan raka ki ciki."

"Za su karɓe min ita?"

"Takardar kawai za su duba. Ambulan ɗin naki ne."

Ta goge shi da bakin mayafinta, ta saka a jaka, sannan ta miƙe.