Injunan da Aka Ce Suna Hutu

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin tsara tattalin arziki, masu masana'antu, iyayena da 'yan uwana da kuka cika wannan zaure, ina yi muku sallama, ina kuma godiya da kuka ba ni dama.

Na farko, aikinmu a ofishin ƙididdiga shi ne mu kimanta abin da ƙasa za ta iya samarwa in kowane inji yana juyawa, kowane hannu yana aiki, sannan mu cire abin da take samarwa yanzu. Ragowar shi ne giɓi. Ni na sa hannu cewa giɓin ya kai kashi tara cikin ɗari, kuma a kan wannan lamba kuke shirin kaɗa ƙuri'a yau, ku saki kuɗi a kasuwa don injunan da ke tsaye su tashi.

Na biyu, makon jiya na je wata masaƙa da ta rubuto mana cewa injunanta arba'in "suna hutu". Babban makanikensu ya ɗaga mini tamfol ɗin da aka lulluɓe ɗaya daga cikin injunan da shi. Babu bel, babu waya, an kwashe cikin injin kaf, har ɓeraye sun haihu a wurin. Na ce, "Baba, wannan ne mai hutun?" Ya ce, "'Yata, mu bakinmu bai iya cewa inji ya mutu ba. In mun cire kayansa mun raya ɗan uwansa, sai mu ce yana hutu." Masana'antu bakwai na zaga, ko'ina hutun ke nan. Gawarwaki muka ƙirga, muka kira su masu jiran aiki.

Ina jin tsoro, jama'a. Ina jin tsoron ku saki kuɗi, injuna su ƙi tashi, kuɗi ya yi yawa, kaya na nan yadda suke, farashi ya haura. Ina jin tsoron ranar da mahaifiyata za ta dawo daga kasuwa da rabin cefane, ba ta san sa hannun 'yarta ne ya cinye sauran ba.

Don Allah ku ɗage ƙuri'ar nan wata uku, mu je mu ɗaga kowane tamfol. Kuskuren nawa ne. In kujerata za ta tafi a kansa, ta tafi.

Allah ya nuna mana gaskiyar lamba tun kafin kasuwa ta nuna mana, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.