Ƙyallen da Ba Ya Ganin Rana

Salamu alaikum Hajiya mai gabatarwa. Maman Ummi ce, mai guntayen atamfa a kasuwar Tarauni.

'Yan mata kan sayi ƙyalle wurina, wai na goge takalmi. In yi murmushi, na san na al'ada ne. Ashe Ummina ma wanke nata take ta cusa ƙarƙashin katifa da danshinsa, kada yayyenta maza su gani. Sai da ƙaiƙayi da ciwon mara suka kai mu asibiti ta faɗa.

Yanzu ina son kafa igiyar shanya ta 'yan mata, amma ban ga wuri ba; in ciniki ya lafa, nakan lumshe ido in hango unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi, ƙyallaye shanye a rana, iska na kaɗa su, ba mai jin kunya.

Iyaye mata, mu 'yan gidan haya, ina za mu ce su shanya?