Durƙuson da Ya Kai Ni Bayan Kanta

Iyayena da 'yan'uwana na wannan zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya dawo da ni cikinku da ƙafafuna.

Sunana Rahila. Yawancinku da fuska kawai kuka san ni. Ni ce mai tabarau da ke zama a layin baya ranar Juma'a, ranar sujadarmu a nan, in sulale da zarar an sa albarka. 'Yar wani ƙauye ce ni kusa da Malumfashi, ina karatun harhaɗa magunguna a nan birnin Giza. An ce in tsaya in ba da shaida, sai na roƙa a bar ni in rubuta, domin gaban jama'a muryata maƙalewa take yi.

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Talata abin ya fara. Na riƙe lokacin domin na duba agogo a bakin ƙofa, ina tunanin ko zan samu in karanta babi ɗaya kafin in ɗora tukunya.

A unguwar Faisal nake haya, a hawa na uku. Mai ginin wata tsohuwa ce, Umm Ashraf, tana zaune a hawa na biyu da ɗanta Ashraf. Ranar an wanke matakala, ruwan sabulu bai bushe ba. Ina hawowa daga ƙasa da littattafai a ƙirji, ita tana saukowa, sai santsi ya kwashe ta. Ta faɗo a gabana. Na watsar da littattafan, na tallabe ta har ƙofar gidanta. Hannunta na hagu ya fara kumbura. Ta ce mini, "Allah ya yi miki albarka, ya binti," wato 'yata.

Kafin wannan, Ashraf ya taɓa tare ni ya ce zai yi aure, yana son gidan da nake ciki. Na ce masa takardar hayata ba ta ƙare ba, ga jarrabawa ta matso, ya bari in gama zangon karatu. Ya yi murmushi ya ce, "Tamam," wato ba damuwa. Na ɗauka magana ta wuce.

Washegari ya buga mini ƙofa kamar zai ɓalle ta.

"Ke kika ture uwata."

Na ce, "Ni? Ni ce fa na ɗaga ta."

"Za ki faɗa wa hukuma haka."

Na tambaye shi, "Me na yi muku?" Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sauka abinsa.

Ban gaya wa kowa a zumunta ba. A lokacin dogarona ga tsantsenina yake. Ba na faɗa da kowa, takarduna a jere suke, addu'a kuwa ina yi ne kamar yadda nake goge haƙora. Na ce mutum irina ba ya shiga rigima.

Mahaifiyata na kira. Ta saurare ni, sa'an nan ta ce, "Rahila, babba ce, kuma a gidanta kike. Ko da gaskiyarki, ba a tsayawa jayayya da babba. Sayi ɗan abu ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Haka aka rene mu, ku ma kun sani. Na sayi lemo da kwalbar zuma na sauka. Na tarar da maƙwabta sun cika falon, sun zo dubiya. Na ajiye kayan, na sa gwiwoyina biyu a ƙasa a gaban tsohuwar, na sunkuyar da kai, na ce da ɗan Larabcina, "Ki yafe mini, ya hajja."

Da na ɗago, sai na ga wayar Ashraf a saitin fuskata, yana ɗauka. Wata mata ta dafa ƙirji ta ce, "Kun gani? Ta amsa da kanta."

Ban san cewa a nan ba a durƙusa wa mutum don girmamawa ba. Wanda ya sa gwiwa a ƙasa yana roƙo, a idonsu mai laifi ne da asirinsa ya tonu.

Da safe ina fita zuwa jarrabawar ɗakin gwaji, farar rigata a hannu, 'yan sanda biyu suka tare ni a ƙofar gini. Masu shaguna suka fito kallo. Mai sayar da burodin da nake gaisarwa kullum ya kau da kai.

A ofishinsu aka ce an shigar da mahdar a kaina, wato ƙarar da ake rubutawa wurin 'yan sanda. Laifin, dukan tsohuwa. Ga takardar likita, ga bidiyo. Ashraf yana zaune a kujera yana shan shayi, ni ina tsaye. 'Yan sandan suka riƙa miƙa wa juna wayar suna dariya.

Jami'in da ke kan tebur ya ce, "Ya samara, ke baƙar fata, haka kuke yi a ƙasarku? Ku ture tsofaffi, sa'an nan ku kawo lemo?"

Ashraf ya ce, "Yallaɓai, a waya ba ya fitowa da kyau. Ce mata ta sake yi ka gani."

Jami'in ya nuna ƙasa da biro. "Yalla. Nuna mana."

'Yan'uwa, na durƙusa. Tsoro ya sa na durƙusa a kan wannan ƙazamin siminti, su kuma suna tafi. Wannan ne wurin da har yau ba na iya faɗa da baki.

Da suka gaji da dariya, jami'in ya turo mini takarda da rubutun hannu irin nasu mai kama da tafiyar tsutsa. Karatunmu da Turanci ake yi, Larabcina na kasuwa ne da na mikrobas, ƙaramar motar haya. Ya ce, "An rubuta kin ture ta ba da gangan ba, kuma za ki bar musu gidan. Sa hannu, khalas, ki tafi."

Gidan bai dame ni ba a lokacin. Amma na tuna abin da Baba Ishaya, dattijonmu na nan zumunta da ke aiki a ofishin jakadanci, ya taɓa faɗa wa sababbin ɗalibai: baƙon da ya amsa laifin duka, iƙamarsa tana cikin haɗari, wato izininsa na zama a ƙasar. In ta tafi, karatu ya tafi. Zan koma Malumfashi hannu rabbana da sunan mai dukan tsofaffi, bayan mahaifiyata ta yi shekaru tana jiran ranar da zan gama.

Kuka kawai nake yi. Suka karɓe wayata da jakata, suka ce in shiga ciki in yi tunani.

Ɗakin ƙarami ne, mata sun cika shi, ga zafi, ga hayaƙin taba, ga warin bokitin da ke lungu. Wata ƙatuwa da ke mulkin ɗakin ta zare mini tabarau ta sa a fuskarta, ta ce, "Ku gai da daktora." Ba ta mayar mini ba. Ba tabarau, fuskar mutum hazo ce a wurina. Wurin da aka bar mini shi ne kusa da bokitin. Na tambayi mai gadin ƙofa me na yi, ta ce in tambayi uwata.

Nan na kwana. Da gari ya waye, haske ya shigo ta wata 'yar taga can sama, na ga ba abin da ya rage mini. Tsantsenina bai cece ni ba, ladabina ma shi ya kawo ni. Na juya fuskata ga bango na ce, "Ubangiji Yesu, na durƙusa wa tsohuwa, an mai da shi shaida a kaina. Na durƙusa wa 'yan sanda, an mai da shi abin dariya. Kai kaɗai ne ban durƙusa wa da gaske ba. Ga ni. In ka ga dama ka ba ni baki, domin ni ba ni da shi."

Ban ji murya ba, ban ga wahayi ba. Rawar da jikina ke yi tun jiya ce kawai ta tsaya.

Da aka sake fito da ni, takardar tana nan a kan tebur, biro a kanta. Na ji bakina yana cewa, "Ba zan sa hannu a abin da ban iya karantawa ba. Ina son tafinta. Ina son a sanar da ofishin jakadancin ƙasata."

Jami'in ya buga tebur. Ya ce zan ruɓe a ciki. Na maimaita, da ƙaramar muryata, kalma bayan kalma. Ya zage ni, ya zagi launin fatata. Na sake maimaitawa. Ni Rahila, da ko canjin mota ba na iya tambaya! Daga ƙarshe ya jefo mini wayata, na kira Baba Ishaya.

Aka kai ni gaban wakilin niyaba, mai binciken da ke yanke ko za a tura ƙara kotu. Baba Ishaya yana zaune a gefe da furfurarsa, ya ce mini, "'Yata, kada ki ji tsoro." Ashraf da uwarsa suna ɗaya gefen, hannunta a naɗe. Tafinta bai iso ba, cunkoson motoci ya riƙe shi daga unguwar Darrasa. Wakilin ya kalli bidiyon, ya dube ni, ya girgiza kai. Na ga alamar ya gama yanke nasa.

Sai aka ƙwanƙwasa. Wani Bakano ya shigo, Malam Habibu, Musulmi mai karatun digiri na uku, wanda ofishin jakadanci ya nemo ya yi tafinta. Ya yi wa wakilin sallama a tsaye da Larabci mai kyau. Da ya juyo ya ga dattijo da hula irin ta gida, sai ya tattare rigarsa ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, barka da rana. An zo lafiya?"

Wakilin ya ajiye biro. "Kai kuma me ka yi wa tsohon nan?"

Malam Habibu ya ce, "Yallaɓai, ban taɓa ganinsa ba sai yau. Babba ne."

"A wurinku ana durƙusawa ba tare da laifi ba?"

"Ko kai aka yi wa laifin, in babba ne, kai za ka sauka ka ba shi haƙuri. In ba ka yi ba, a ce ba ka da tarbiyya."

Ba wanda ya shirya wannan. Malam Habibu bai ma san abin da ke cikin bidiyon ba tukuna. Ku gaya mini, in ba Allah ba, wa ya riƙe shi a hanya har sai da aka gama kallo?

Wakilin ya sake kallon bidiyon, a hankali. Ya sa aka fitar da Ashraf, ya juya ga tsohuwar.

"Ya hajja, a ƙara an ce ta baya aka ture ki. Ina yarinyar take lokacin da kika faɗi?"

Ta dubi ƙofar da ɗanta ya fita. "A ƙasa. Tana hawowa."

"To ta yaya mai hawowa za ta ture mai saukowa ta baya?"

Can ta ce, "Ashraf ne ya yi magana da su. Ni hannuna ke ciwo."

A ranar aka sake ni, daga baya aka rufe ƙarar. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Ba zan yi muku ado ba. Ba a hukunta kowa ba. Jarrabawar da na rasa sai na maimaita darasin. Tabarauna yana can wurin ƙatuwar nan. Da na koma Faisal da Baba Ishaya, na tarar an canza kwaɗon ƙofata, kayana a zube a matakala, an sake wanke ta da littattafaina a kai. Ashraf yana tsaye a sama yana fentin gidan. Baba ya ce muna da hakkin kai ƙara kan hayar, na ce ƙafata ba za ta sake taka waɗancan ofisoshin ba. Yanzu a gidansa nake, matarsa ta ba ni ɗakin 'yarsu.

Amma iƙamata tana hannuna, sunana ba tabo, ina zuwa aji. Na gode wa Yesu da ya ba bebiya baki. Na gode wa Baba Ishaya da Mama matarsa, da Malam Habibu wanda ko shayi ya ƙi karɓa. Ƙannena ɗalibai, kada ku sa hannu a abin da ba ku karanta ba, kada kuma ku ɓoye damuwarku kamar yadda na yi. Ku dogara ga Ubangiji tun kafin ƙofa ta rufe a kanku. In ma ta rufe, yana ciki tare da ku.

Saura abu ɗaya. Ina tsintar littattafaina a matakala, sai ga ƙofar hawa na biyu a buɗe, tsohuwar tana zaune, kwalbar zumata a kan teburinta an sha rabi. Na tsaya, a tsaye wannan karon, na yi mata tambayar da ba wanda ya amsa mini: "Ya hajja, me na yi muku?" Zan bar muku amsarta yadda ta ba ni. Ku da kuka karanta abin da Allah ya yi, ku auna ko ta faɗi daidai.

Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba ki yi mana komai ba, ya binti. Ɗana gida yake so. Muka duba ginin nan daga sama har ƙasa, kowa yana da wanda zai tsaya masa. Ke kaɗai ce ba ki da kowa."